Yaron Da Aka Musanya Da Doki

Jama'a masu sauraro, mutanen zango da na kasuwa, ku ne kuka san kuɗin kaya. To, yau ga labarin wani yaro wanda aka yi cinikinsa a kasuwa bayan kasuwa.

Sunansa Ajayi, mutumin Osogun cikin ƙasar Yarbawa. A shekara ta 1821, yana da kamar shekara 12, mayaƙa suka faɗa wa garinsu da safe, suka sa masa wuta. Aka ɗaure shi da igiya a wuya tare da uwarsa da ƙannensa mata, ba da jimawa ba kuwa aka raba su. Wanda ya same shi ya ba da shi a bakin doki. Dokin bai gamshe shi ba, aka warware ciniki, aka komo da yaron. Daga nan sai hannu zuwa hannu, har aka musanya shi da taba da barasa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa tsoron a sayar da shi ga Turawan Fotugal ya sa ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa, amma bai iya ba.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya same shi. A Ikko aka sa shi cikin jirgin bayi. Amma ran 7 ga Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin. Yaron bai san ceto ne ya zo ba. Da ya ga harsasan igwa a tare wuri ɗaya, sai ya zaci kawunan abokansa ne aka tara. Mu lura da wannan, 'yan'uwa: a ranar da Allah ya fitar da shi, a ranar nan yana makyarkyata, yana tsammani za a yanka shi.

Aka sauke shi a Saliyo. Ya koyi karatu da sauri, aka yi masa baftisma a 1825, aka ba shi suna Samuel Crowther. A 1841 ya hau kogin Kwara tare da mai bishara Schön, wanda ya duƙufa kan koyon Hausa, har ya juya Bisharar Matiyu zuwa harshenmu aka buga a 1857.

A 1846, a Abeokuta, aka kawo masa wata tsohuwa. Uwarsa ce. Shekara 25 ba su ga juna ba. Ta riƙe hannunsa tana rawar jiki, tana kiransa da sunayen da kakarsa takan kira shi yana ƙarami. Ita ma ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma a 1848 da suna Hannatu. A 1864 kuma, a Kantabari ta Ingila, aka naɗa shi bishop, baƙar fata na fari a ikilisiyar Angilikan. Ya kafa aiki a Lakwaja, ya riƙa zuwa Bida gaida Sarkin Nupe Masaba cikin ladabi.

Watakila wani zai ce, "Wannan ai ya taki sa'a ne. Jirage nawa suka ƙetare teku da bayi ba wanda ya tare su?" Gaskiyarka, malam, ba mu da bakin musu. Ba mu ce kowane mai bi zai sāke ganin uwarsa a duniyan nan ba. Crowther kansa bai ƙare cikin jin daɗi ba. A 1890 waɗansu samarin Turawa masu aikin bishara suka rena shi, suka dakatar da ma'aikatan da ya horar, tsoho mai shekara kusan 80 yana zaune yana gani. Abin kunya ne, mu masu bi ba za mu ɓoye shi ba.

To, ina tabbacin mai bi yake? Ba cikin riba ba, ba cikin sarauta ba. Yesu ya taɓa yin misali da tsuntsayen da ake sayarwa biyu a kan ɗan kuɗi kaɗan, ya nuna Uba yana sane da kowannensu. Dillalai sun auna Ajayi da doki da ganyen taba. Almasihu kuwa ya fanshe shi da jininsa, wannan ciniki kuma ba mai warware shi. Shi ya sa da aka ƙwace wa tsohon girma, bai bar Ubangijinsa ba, bai kuwa zagi masu wulakanta shi ba. Daga baya sai ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891, a garin da aka sa shi cikin jirgin bayi kusan shekara 70 da suka wuce.