Tarihin ɗan ƙwan da ke cikin tocilarka

1/ Jiya aka ɗauke wuta a unguwarmu ta Kufena, ga jarrabawa da safe. Da tocila na yi karatu har asuba. Kakata ta ce su da aci-balbal suka taso, hayaƙi na cin ido. Ya aka yi muka zo nan? Ku biyo ni.

2/ A 1927 wani ɗan Rasha, Oleg Losev, ya wallafa bincikensa kan ɗan abin da ke ba da haske ba tare da ya yi zafi ba. Ba a kula shi ba. Ya rasu a 1942, lokacin da aka yi wa Leningrad ƙawanya.

3/ Oktoban 1962, watan da aka buɗe ABU Zariya, Nick Holonyak ya ƙera jan LED a Amurka.

4/ Shuɗi kuwa ya gagara har farkon shekarun 1990, sai Akasaki da Amano da Nakamura suka samar da shi a Japan. Shi ake shafa wa sinadari mai ruwan ɗorawa ya koma fari. Sun karɓi kyautar Nobel a 2014. Farin tocilarka ke nan.

5/ Mai sa shi ƙyaftawa fa? Ɗan guntun 555 na Hans Camenzind, tun 1972.

6/ Na farko da na haɗa, wallahi nan take ya ƙone: batir volt 9, babu resista. Jan LED volt 2 yake so. Sa masa resista ohm 470 kafin ka jona.