Daga kwalin sigari zuwa teburin gwanjo: tarihin katunan 'yan wasan besbol

A watan Agustan 2022 aka yi gwanjon wani ɗan kati da bai kai tafin hannu ba a Amurka, aka sallama shi a kan dala miliyan 12.6. Hoton Mickey Mantle ne a jiki, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Yankees, kuma kamfanin Topps ne ya buga shi a 1952. Wanda ya sayar da shi dala dubu 50 ya saye shi a 1991.

Asalin waɗannan katuna talla ce kawai. A shekarun 1880 kamfanonin taba suka fara cusa ɗan kati a kwalin sigari, don ya hana karan taba lanƙwashewa, ya kuma ja hankalin mai saye. Daga 1909 zuwa 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da jerin da ake kira T206, inda katin Honus Wagner na Pittsburgh yake. An dakatar da buga nasa tun da wuri. Wasu na cewa ya ƙi a yi amfani da fuskarsa a ja yara ga shan taba, wasu na cewa kuɗi ne ba su daidaita a kai ba. Waɗanda aka san sun rage a yau 'yan gommai ne, kuma ɗaya ya kai dala miliyan 7.25 a 2022.

Sunan T206 ɗin ma aikin mutum ɗaya ne, Jefferson Burdick, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana tara katuna yana rarraba su aji-aji. Ya bai wa gidan tarihi na Metropolitan da ke New York kimanin dubu 300, ya kammala jera su ya rasu a 1963. Shi ya kamata masu wannan harka su fi tunawa, domin ya ba ta tsari tun ba ta kawo ko sisi.

Bayan taba sai aka koma haɗa katunan da cingam. Katin Mantle yana cikin rukunin ƙarshe na 1952, wanda ya fito kakar wasa ta kusa ƙarewa, yara sun koma makaranta, kasuwa ta yi sanyi. Sy Berger, wanda ya tsara katunan, ya ba da labarin cewa kwantai ya yi wa kamfanin Topps yawa a sito har suka loda shi a jirgin ruwa suka zubar a Tekun Atlantika wajen 1960. Waɗanda suka isa hannun yara kuwa sun sha wuya: an yi caca da su, an maƙala su a wayoyin ƙafar keke don su riƙa ƙara, iyaye mata sun share sauran zuwa bola. Ƙarancin tsohon kati ke nan. Babu wanda ya shirya shi.

Da labarin tsada ya bazu a shekarun 1980, kowa ya koma ɓoye kati a leda, kamfanoni kuma suka buɗe injin buga kati ba ƙaƙƙautawa. Mafi yawan katunan ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 ba su da wata daraja a yau, saboda kowa yana da su, kuma duk sababbi fil. Yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya ƙara durƙusar da kasuwar.

Daga nan kamfanoni suka koyi ƙera ƙaranci da hannunsu: kati mai lamba, mai sa hannun ɗan wasa, mai ƙyallen rigarsa, wani ma ƙwaya ɗaya tak a duniya. Irinsa na Mike Trout, bugun 2009, ya kai kusan dala miliyan 4 a 2020.

Ana auna tsoho da sabo da sikeli ɗaya. Kamfanin PSA, wanda aka kafa a 1991, yana duba kusurwa da gefe da fuska da daidaiton hoto, ya ba da maki daga 1 zuwa 10, ya rufe katin a roba. Sai dai sikelin yana da tabo tun ranar farko. Katin da aka fara tantancewa na Wagner ne, wanda Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saya dala dubu 451, aka ba shi maki 8. A 2013 wani dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a kotu cewa ya datse gefensa don ya ƙara kyau.

Duk da haka tsohon kati ya fi tsayawa da ƙafarsa. Wagner da Mantle sun gama wasansu, tarihinsu ya rufe, kuma ko katinsu ya yamutse yana da mai saye. Sabon kati kuwa sai ya samu maki 10 ake waiwayarsa, farashinsa na rataye da gwiwa da kafaɗar saurayin da bai gama nuna kansa ba, kuma kamfanin da ya ce ƙwaya ɗaya ce zai buga wata ƙwaya ɗayar baɗi. Mai son sabon kati ya saya don yana son ɗan wasan, amma kada ya ɗauke shi ajiyar da za ta yi abin da katin 1952 ya yi.