Cocin ƙasa da na gani a Wusasa

Jama'a, wata gardama ce a hostel ɗinmu nan Gombe ta jawo wannan rubutu. Wani ya ce wa abokin ɗakina wai babu Bahaushe Kirista, sai dai "ɗan aro". Yaron bai ce uffan ba, amma na ga ransa ya ɓaci. Da aka yi hutu ya ce in bi shi garinsu, Wusasa, a gefen Zariya. Na bi shi.

Wallahi da na hango cocin St. Bartholomew na ɗauka tsohon masallaci ne ko zauren wani basarake. Ginin ƙasa ne, katanga mai kauri, rufin soro da bakan gizo irin na magina Hausawa. Kana shiga sanyi zai ratsa ka, ba fanka ba komai.

Tarihin ya faro ne tun 1900, lokacin da ayarin mishan na CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller. Shi bai haƙura ba; a 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da wurin shan magani. Zaman bai yi wa masarauta daɗi ba, su ma Turawan mulki ba son sa suke ba. A 1929 aka fitar da mishan ɗin bayan ganuwa, zuwa Wusasa, aka gina cocin. Miller na cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da wannan al'umma ta fitar. Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ABU. Janar Gowon ma nan ya tashi.

Kakar abokina ta tare ni da fura, tana ta zuba mini karin magana, rabi ban gane ba, ni da nake taƙamar Hausa. Da la'asar ta yi ita ta shimfiɗa mini tabarma, ta nuna mini gabas.