Mitsitsin Ƙwallayen Folima na Halitta a Maganin Murar Alaji: Tsawaita Zaman Magani a Hanci ko Shigar da Shi Jini?

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin binciken da aka yi kan ɗura magani cikin mitsitsin ƙwallayen sitaci da kitosan domin shaƙa ta hanci. Matsayinta shi ne, an ƙirƙiri wannan fasaha ne don kai magani cikin jini, alhali mai murar alaji so yake maganin ya tsaya a hancinsa. Saboda haka ma'aunin da ake yabon ƙwallayen da shi yana buƙatar gyara kafin a ɗora shi kan wannan cuta.

Gabatarwa

Murar alaji ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Garkuwar jiki ce ke yi wa abin da ba shi da illa kallon maƙiyi, kamar garin furanni, ƙwaron ƙurar ɗaki, kyankyaso ko gashin kyanwa. Jiki yakan ƙera sinadarin kariya na IgE, wanda Kimishige da Teruko Ishizaka a Amurka, da Johansson da Bennich a Suwidin, suka gano a tsakanin 1966 da 1967. Da zarar abin ya sake shiga hanci, sai ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast su fashe su saki histamin, daga nan atishawa, ƙaiƙayi, yoyon majina da toshewar hanci su biyo baya. Rahoton ARIA na 2001, wanda aka shirya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya raba cutar gida biyu, mai zuwa jefi-jefi da mai naci, ya kuma nuna alaƙarta da asma.

Magunguna dai akwai su: azelastin da olofatadin masu dakile histamin, da dangin sitiroyid irin su budesonid, fulutikason da mometason. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗan lokacin da suke samu a cikin hanci.

Hanci a matsayin mai shara

Faɗin tantanin cikin hancin baligi ya kai kimanin santimita murabba'i 150, amma ruwan da kafar hanci ɗaya za ta riƙe ba tare da ya zubo ba bai wuce maikrolita 200 ba. A ƙarƙashin majina akwai 'yan siraran gasu masu kaɗawa ba dare ba rana, suna tura ta zuwa maƙogwaro da saurin milimita biyar zuwa shida a minti. Cikin minti 15 zuwa 20 an share kusan rabin abin da aka fesa. Wannan ne ya sa masu fesa azelastin ke kukan ɗaci a baki, kuma shi ne ɗaya daga cikin dalilan da ake maimaita feshin kuromolin, wani maganin murar alaji, sau huɗu ko fiye a yini. Wanda aka ce ya yi feshi sau huɗu kuwa, da wuya ya ɗore.

Abin da aka auna

A 1987 Lisbeth Illum da abokan aikinta suka gwada ƙwallayen albumin, sitaci da dekstiran a hancin mutane, suna bin sawunsu da kyamarar gama. Busasshen ƙwallo yakan tsotsi ruwan majina ya kumbura, ya koma kamar kamu mai kauri, sai gasun hanci su sha wahalar tura shi. Wani nazari na Soane da abokansa a 1999 ya kawo alƙaluma ƙarara kan lokacin da rabin abin da aka shaƙa ke barin hanci: minti 21 ga ruwan da aka yi gwaji da shi, 41 ga narkakken kitosan, 68 ga ƙwallayen sitaci, 84 ga ƙwallayen kitosan. Wato zaman ƙwallayen kitosan ninki huɗu ke nan na ruwan.

Ana samun kitosan ne daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Cajin lantarkin da ke jikinsa kishiyar na majina ne, shi ya sa suke manne wa juna. Ana sarrafa ƙwallayen ta hanyar feshi cikin iska mai zafi, ko ta ɗaure folimar da gulutaraldehaid ko tirifolifosfet. Na farkon yana da guba idan ya yi saura, don haka masu bincike da dama suka koma ga na biyun. Aljinet na ciyawar teku kuma kalsiyam ke daskarar da shi. Girma ma abin lura ne: ƙwallon da ya gaza maikromita 10 yana iya zarcewa huhu, abin da ba a so ga mai asma.

Tattaunawa

A nan ne marubucin wannan maƙala ya saɓa da yadda aka saba gabatar da lamarin. Aikin farko kan ƙwallayen nan ya karkata ne ga insulin da makamantansa, waɗanda ake so su ratsa tantanin hanci su shiga jini ba tare da allura ba. An yabi kitosan ne musamman domin yana sassauta ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin tantanin na ɗan lokaci. To amma darajar fulutikason da mometason ita ce abin da ke kaiwa jini daga cikinsu bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba, saboda hanta tana lalata wanda aka haɗiye. Idan aka haɗa sitiroyid da abin da ke buɗe masa ƙofa zuwa jini, kuma yaro zai shaƙa watanni a jere, ana iya zubar da wannan daraja. Ƙofar da ta buɗu wa magani kuma babu mai gadin da zai hana garin fure bi ta cikinta, ga shi tantanin mai alaji da ma can ya yi rauni. Duk da haka, ba kasafai rahotannin gwaji ke ɗaukar ƙaruwar ratsawa a matsayin aibi ba. Ana kawo ta ne a jerin nasarori.

Abu na biyu, hancin da aka auna lafiyayye ne. Yawancin gwajin ɗakin bincike ana yin sa ne da tantanin hancin tunkiya ko akuya da aka ɗauko daga mahauta, a shimfiɗa shi a kwalbar Franz, a jira sa'o'i takwas ko fiye ana auna fitar magani. Tantanin nan ba ya atishawa, ba ya yoyo. Sakin magani na sa'o'i takwas ba shi da amfani idan ƙwallon ya bar hanci kafin sa'a biyu, balle a hancin da majina ke kwarara. Wannan ruwa yana iya gaggauta kumburin ƙwallon ya ƙara masa manni, yana kuma iya wanke shi gaba ɗaya. Gwaji a jikin masu cutar ne kaɗai zai raba gardama.

Akwai kuma batun asalin kitosan. Furotin ɗin tirofomayosin da ke haddasa alajin jatan lande ya yi kama da wanda ke jikin ƙwaron ƙurar ɗaki da kyankyaso, har garkuwar jiki kan rikita su. Tataccen kitosan bai kamata ya ɗauke shi ba, amma a wannan cuta ya wajaba kowane rahoto ya faɗi yawan ragowar furotin da ke cikin kayansa. Ta wannan fuska sitaci ya fi kwantar da hankali, ko da yake zamansa bai kai na kitosan ba. Ƙaro, wanda Sudan, Cadi da Nijeriya ke kan gaba wajen fitar da shi, an daɗe ana lulluɓe sinadarai da shi a masana'antun abinci da magani, sai dai shi ma an san ƙurarsa da tayar wa wasu ma'aikata asma, don haka arharsa ba za ta ɗauke masa gwaji ba.

Maganin gari yana da fa'idar da ba a cika ambata ba: ba ya buƙatar benzalkoniyam, sinadarin adana feshin ruwa da gwajin ɗakin bincike ya nuna yana raunana kaɗawar gasun hanci. Kamfanin Teijin na Japan ya riga ya sayar da garin beklometason haɗe da wani nau'in selulos mai manni, alamar cewa masu alaji za su iya jure shaƙar gari.

Gwajin da ya rage shi ne a ɗauki masu murar alaji a lokacin da ta tasar musu, a ba wasu feshin budesonid na ruwa, wasu ƙwallayen sitaci, wasu na kitosan, duk da awo ɗaya. A auna zaman maganin da kyamarar gama, a auna nawa ya shiga jini da yadda ya taɓa sinadarin kotisol na jiki, a ƙirga alamomin cutar kullum, sannan a yi gwajin sakarin kafin farawa da bayan makonni, domin a ga ko gasun hanci suna nan suna shara kamar da.