Fadar Ahidjo Wadda Ta Zama Gidan Tarihin Kamaru

Mutumin Garwa da ya yi niyyar ziyarar inda ɗan garinsu, Alhaji Ahmadu Ahidjo, ya zauna yana riƙe da ragamar mulkin Kamaru fiye da shekara 20, lalle ne ya ƙetare Binuwai ya nufi Ngaundare, ya hau jirgin ƙasa ya kwana yana tafiya zuwa Yawunde, domin a can ne, a tsakiyar unguwar ma'aikatun hukuma, farin ginin nan yake wanda a yau ake kira Gidan Tarihi na Ƙasa.

Asalin ginin na Nasara ne. A wajen 1930 Faransawa, waɗanda suka karɓi mafi yawan ƙasar daga hannun Jamus bayan Yaƙin Duniya na Farko, suka gina shi don ya zama mazaunin babban gwamnansu. A sa'an nan kuwa Ahidjo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, yaro ne ƙarami da bai wuce allo da tawada ba, kuma ba wanda zai yi zaton wata rana shi zai gaji wannan gida. Amma da yake mulki na Allah ne, yana bayar da shi ga wanda ya so, sai yaron ya yi karatun boko, ya kama aikin waya a ma'aikatar gidan waya, ya shiga majalisa a 1947, ya zama firayim minista a 1958, har ƙasa ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960 a hannunsa. Daga wannan fada ya tafiyar da al'amuran da suka haifi Kamarun yau, wato haɗewa da Kudancin Kamaru na Ingilishi a Oktoban 1961, da narkar da jam'iyyu cikin guda a 1966, da ƙuri'ar 20 ga Mayu 1972 wadda ta rushe tarayya. Wasu na yabonsa da cewa ya ɗinke ƙasa mai harsuna fiye da 200, wasu kuma ba su manta jinin 'yan jam'iyyar adawa ta UPC da aka zubar ba, kuma a ganina adalci ya wajabta a saurari ɓangarorin biyu.

A Nuwamban 1982 ya ajiye mulki da kansa ya miƙa wa Paul Biya, abin da ba a saba gani ba a Afirka ta wancan zamani. Ba a jima ba zumunci ya ɓaci. A 1984 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, daga baya aka sassauta, kuma yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilun shekarar ya jawo wa 'yan arewa da yawa musiba. Fadar mulki ta koma sabon ginin unguwar Etoudi, wanda Ahidjo ne ya sa aka gina, tsohuwar kuwa aka bar ta, har zuwa 1988 lokacin da hukuma ta zartar da cewa a mayar da ita gidan tarihi. Girmanta ya zo da nawa ƙwarai, domin ta daɗe ba ta da armashi, sa'an nan aka rufe ta shekaru ana gyara, sai a Janairun 2015, zamanin minista Ama Tutu Muna, aka sake buɗe ta ga jama'a, ɗakunanta cike da tufafin gargajiya da kayan kiɗa da na sarauta daga jihohin ƙasar 10, da hotunan tarihin siyasarta.

To, abin da ke sosa mini rai shi ne, mai gidan kansa yana kwance a ƙasar baƙunci. Allah ya yi masa rasuwa a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Yoff. Kuma ko da yake dokar Disamban 1991 ta wanke sunansa tare da shugabannin UPC su Um Nyobe da Moumie, ko da yake ɗaya daga cikin manyan filayen ƙwallo na Yawunde sunansa yake ɗauke da shi, uwargidansa Germaine ta rayu tana neman a mayar da shi gida da girmamawar hukuma, har ita ma ajali ya riske ta a Dakar a 2021.

Maƙwabtanmu sun nuna hanya. Gidan Sardauna Ahmadu Bello na Kaduna, inda aka kashe shi a Janairun 1966, ya zama Gidan Arewa a 1970 bisa himmar Farfesa Abdullahi Smith, daga baya ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yau kuma ɗalibai na zuwa daga nesa su yi nazarin takardu da rubuce-rubucen ajami da ke taskarsa. Garwa ma ta sami jami'arta a 2022. Ina roƙon malamanta, da fadar Lamiɗo, da attajiran gari, su tashi su tattara wasiƙun Ahidjo da hotunansa da jawabansa, su naɗi bayanin dattawan da suka yi zamani da shi tun suna raye, masoya da masu suka baki ɗaya, su ajiye a garin da aka haife shi.