Alma Thomas: malamar lakwal da ta yi suna da zane bayan ta yi ritaya

Masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna ƙetare, yau mun leƙa Amurka mun ɗauko muku tarihin wata mata baƙar fata mai suna Alma Thomas. Malamar lakwal ce, ta yi shekara 35 tana koya wa yara zane. Sai da ta ajiye alli, tana dab da shekara 70, sannan ta kama aikin da duniya ta san ta da shi. Yau ɗaya daga cikin zane-zanenta na cikin kayan fadar shugaban Amurka.

Wane irin zane ne?

In an ce zane, yawancinmu hoton mutum ko na dabba ko na gida ke faɗo mana a rai. To, bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasu masu zane a birnin Niyok suka ɗauki wata hanya daban. Suka ce launi kaɗai da motsin hannu sun isa su isar da abin da ke zuciyar mutum, ko babu siffar kowa a jikin allon. Shi ne muke kira zanen launi marar siffa. Cikin manyansu akwai Jackson Pollock, wanda ke shimfiɗa ƙyalle a ƙasa ya dinga tsiyaya masa fenti, da Mark Rothko mai shafa manyan filayen launi biyu ko uku.

Daga wannan tushe wani reshe ya toho a birnin Washinton, inda irin su Morris Louis da Kenneth Noland suka mai da hankali ga launi zalla. Cikin ƴan wannan reshe ake yawan lissafa Alma Thomas, ko da yake hannunta daban yake da na kowa.

Asalinta

An haife ta ranar 22 ga Satumba 1891 a garin Kolumbus na jihar Jojiya, kudancin Amurka. Ita ce babba cikin ƴan mata huɗu. Mahaifinta ɗan kasuwa ne, mahaifiyarta kuwa maɗinkiya. A lokacin dokar wariyar launin fata na da ƙarfi a kudu: lakwal ɗin baƙi daban, ta farare daban, kuma karatun yaron baƙar fata ba ya nisa. Ɗakin karatu na gari da wuraren nunin zane ma ba a buɗe suke gare su ba.

A 1906 aka yi wa baƙaƙen fata kisan gilla a Atlanta, babban birnin jihar. Shekara ta zagayo, a 1907, iyalin suka tattara suka koma Washinton don neman kwanciyar hankali da karatun ƴaƴansu. Gidan da suka sauka, a kan titi na 15, nan Alma ta zauna kusan duk sauran rayuwarta. Ba ta yi aure ba.

Shekarun koyarwa

Da farko karatun koyar da ƙananan yara ta yi, ta kuma yi aiki na wasu shekaru a garin Wilminton. A 1921, tana da shekara 30, ta shiga Jami'ar Howard, sananniyar jami'ar baƙaƙen fata. Ɗinkin kayan wasan kwaikwayo ta so ta koya, sai wani malami, James Herring, ya ja ta zuwa sashen zane da ya buɗe. A 1924 ta zama ɗaliba ta farko da ta gama wannan sashe.

A shekarar ta fara koyarwa a makarantar Shaw da ke Washinton, ba ta bar ta ba sai 1960. Ba ta tsaya ga aji kawai ba. Tana haɗa ƴan tsana masu motsi da zare don yara su yi wasan kwaikwayo, tana shirya nunin zanen baƙaƙen fata a makarantar, tana fita da ɗalibai kallon zane. A 1934 ta samu digiri na biyu a Jami'ar Kolumbiya. A 1943 tana cikin waɗanda suka tsaya wa gidan nunin zane na Barnett-Aden, inda ake rataye aikin baƙi da na farare a bango ɗaya, abin da ba a saba gani ba a Washinton ta wancan zamani.

Gemu ba ya hana ilimi. Daga 1950, tana dab da shekara 60, ta koma ɗaliba, tana ɗaukar darasin fenti bayan tashi daga aiki. A can ne hannunta ya fara barin zanen tulu da kwano da mutane, ya karkata ga launi.

Itacen bakin taga

A 1966 Jami'ar Howard ta shirya nunin ayyukanta. An yi tsammanin tsofaffin zane-zane za ta kawo. Ita kuwa sai ta ce sabon abu take so. Akwai wani itace a bakin tagar gidanta. Ta dinga kallon yadda hasken rana ke ratsa ganyensa, yadda iska ke sauya shi kowane lokaci. Ba itacen ta zana ba, hasken da motsin ta zana.

Ga yadda take yi. Sai ta ja layuka da fensir a kan farin ƙyalle, sannan ta bi su da buroshi tana ɗiga fenti guntu-guntu, kowane gajere kamar kan yatsa. Tsakanin guntu da guntu takan bar farin ƙyallen yana leƙowa. Layin ja ya bi na ruwan goro, na ruwan ɗorawa ya bi na tsanwa, shuɗi ya rufe. Wani lokaci layukan a tsaye suke jere kamar kunyoyin gona, wani lokaci kuma su zagaya kamar ɗinkin faifai. In ka matso kusa, guntaye kake gani. In ka ja da baya, sai ka ga kamar allon na motsi.

Duk wannan aiki a gida take yin sa, wani zubin ma a madafa. Ga ciwon gaɓoɓi ya kama ta, amma ba ta saki buroshi ba.

Fitattun ayyukanta

Resurrection, wato tashi bayan mutuwa, na 1966: zobba ne na launuka masu haske, wani cikin wani.

The Eclipse, wato husufi, na 1970: dunƙulen shuɗi mai duhu da ya ɗan kauce daga tsakiya, zobban launi na bazuwa kewaye da shi. A shekarar an yi husufin rana a gabashin Amurka.

Starry Night and the Astronauts na 1972: allon kusan duk shuɗi ne mai duhu irin na dare, sai ɗan ja da ruwan ɗorawa can a kusurwar sama. Tafiyar ƴan sama jannati zuwa wata a 1969 ta burge ta ƙwarai, ta yi zane da dama a kanta. Matar da aka haifa a zamanin keken doki ke nan.

Red Azaleas Singing and Dancing Rock and Roll Music na 1976: sunan na nufin jajayen furanni na waƙa da rawa. Allo uku ne aka haɗa, faɗinsu kusan mita 4. Ta yi shi ta haura shekara 80.

Me ya sa ba ta zana wahala ba?

Wannan tambaya ta sha fuskantar ta. A shekarun 1960 baƙaƙen fatar Amurka na tsakiyar gwagwarmayar neman ƴanci, kuma da yawa na ganin wajibi ne mai zane ya nuna zaluncin da ake yi musu. Alma Thomas ba baƙuwar gwagwarmayar ba ce. Ta halarci babban gangamin Washinton na 1963, wanda Martin Luther King ya yi jawabi a cikinsa, har ta yi zane a kansa. Amma ta bayyana cewa ta zaɓi ta bi da launi ta nuna kyau da farin ciki, maimakon muguntar da ɗan Adam ke yi wa ɗan uwansa.

Wasu sun ga kamar kauce wa magana ce. Mu dai a ganinmu, wadda aka hana shiga ɗakin karatu tana yarinya ta san wahala sarai. Ƙin yarda wani ya yanke mata abin da za ta zana, shi ma ƴanci ne.

Karramawa

A 1972, tana da shekara 80, gidan zane na Whitney da ke Niyok ya yi nunin ayyukanta ita kaɗai. Ita ce baƙar mace ta farko da ta samu haka a wurin, kuma ya zo ne lokacin da masu zane baƙaƙen fata ke matsa wa gidan lamba ya buɗe musu ƙofa. A shekarar gidan Corcoran na Washinton ma ya yi mata nasa.

Ta rasu ranar 24 ga Fabrairu 1978 tana da shekara 86. Bayan rasuwarta sunanta ya ɗan lafa, daga baya ya sake tashi. A 2015, zamanin Shugaba Barack Obama, aka rataye Resurrection a wani ɗakin cin abinci na fadar White House. Shi ne zanen baƙar mace na farko da ya shiga kayan fadar na dindindin. A 2019 an sayar da wani zanenta a gwanjo sama da dala miliyan 2, abin da ya haura biliyan ɗaya na kuɗinmu na sefa. A 2022 kuma garin haihuwarta, Kolumbus, ya karɓi babban nunin ayyukanta.

In kuna son gani

Mai waya da intanet ya rubuta sunanta, hotunan za su fito. Kada ku tsaya neman mutum ko dabba a ciki. Ku dubi wane launi ke kusa da wane, ina farin ke leƙowa, ina layin ya karkace. Ƴan uwa da ke Amurka kuwa, gidan zanen Smithsonian da ke Washinton na riƙe da ayyukanta masu yawa, kuma shiga kyauta ce. In hanya ta bi da ku, ku je da yara.

Ga malamanmu da suka ajiye aiki, da dattawan da ke cewa lokaci ya wuce, ga lissafin a taƙaice: ta bar aji a 1960, ta samo salonta a 1966, duniya ta waiwaye ta a 1972.