Zafin da Ba Mu Raɗa Wa Suna Ba

Idan direba ya ce "mota ta yi zafi", kowa a tasha ya san abin da yake nufi. Allurar gaban sitiyari ta hau ja, ruwan lagireto ya tafasa, sai a gangara gefen titi, yaron mota ya ruga da jarka neman ruwa. Wannan zafin yana da suna, yana da allura, an kuma san maganinsa. Amma a cikin injin dizal akwai wani zafin dabam wanda kan cinye fistin alhali allurar ruwa tana zaune daram a tsakiya. Shi ne ya dame ni, domin har yau ban ji an kira shi da suna a garejinmu ba.

Waɗanda suka fi kowa sa masa ido su ne Amurkawa masu jan kaya da a-kori-kura. Kurar da ke cikin sunan nan amalanke ce, wato motar da ta zo ta kori kurar 'yan dako daga kasuwa. Tasu ta Amurka kuwa ta wuce nan nesa ba kusa ba. Tun da Dodge ta sa injin Cummins a cikin Ram a 1989, Ford ta fito da Power Stroke a 1994, Duramax ya biyo baya a 2001, mutum kan ɗaura wa motarsa tirelar dawakai ko gida sukutum mai taya, ya nufi duwatsun Kolorado. A can akwai ramin Eisenhower da ke mita 3,400 sama da teku, inda iska ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. A irin wannan hawan, idon direba yana kan wani ɗan agogo da ya kafa a ginshiƙin gilashin gaba, mai nuna abin da suke kira da haruffa uku: EGT.

Ma'anar haruffan ita ce zafin iskar da inji ke furzarwa bayan mai ya ƙone. Harafin tsakiya shi ne tarko gare mu. A wurinsu "gas" iska ce. A gidajen manmu kuwa gas shi ne dizal ɗin kansa, saboda sunan da 'yan kasuwar mai suka ba shi a takarda, kamar yadda 'yan uwanmu na Nijar ke cewa gazuwal. Duk wanda ya fassara EGT da "zafin gas", to ya aika direba duba tanki.

Sunan agogon fairomita, daga Girkanci, ma'anarsa ma'aunin wuta. Na taɓa riƙe bakinsa a hannuna: ɗan ƙarfe siriri kamar ƙusa, da waya a gindinsa. A ciki an haɗa bakin wayoyi biyu na ƙarafa daban-daban. Idan mahaɗar ta ji wuta sai ta haifar da 'yar lantarki ƙanƙanuwa, abin da Bajamushe Thomas Seebeck ya gano a 1821. Akan huda bututun da ke tattara iskar silinda, a ɗaure ƙusar nan a ciki. Iyakar da masu ja suka fi kiyayewa ita ce digiri 1,250 a ma'aunin Farenhait, kusan 675 a Selshiyos. Alminiyon da ake ƙera fistin da shi yana narkewa a 660. Abin da ke tsare shi shi ne baƙin man da ake fesa masa ta ƙasa da sabuwar iskar da ke shigowa kowane zagaye. Zai jure na ɗan lokaci. Hawa mai tsawo ne ke cin sa. Kuma lambar ba ta da amfani sai an faɗi inda aka dasa ƙusar, domin idan bayan turbo take, za ta nuna ƙasa da gaskiya da digiri 200 zuwa 300 na Farenhait.

To mu da wane suna za mu kira shi? Kalmar da ke kusa ita ce salansa. Asalinta na nufin abin da ke kashe ƙara, wato kunne ne ya raɗa sunan. Mun ɗauke shi mun ba wa bututun gaba ɗaya, har muna cewa salansar babur ta ƙone mutum a ƙafa. Amma "zafin salansa" yana kai hankali wutsiyar mota, inda iskar ta riga ta sha iska.

"Zafin hayaki" ya fi kusa, kuma yana da hujja. A injin dizal, totur mai yake ƙarawa. Idan man ya fi ƙarfin iskar da ke akwai, sai wani ya fita bai gama ƙonewa ba, baƙi ƙirin, zafin kuma ya yi sama. Duk wanda ya bi Hawan Kibo zuwa Jos a bayan mota mai kaya ya ga wannan: direba ya danne totur har ƙasa a babbar giya, inji yana gurnani, hayaki ya turnuƙe hanya, wasu ma suna ɗauka alamar ƙarfi ce. Ni idan na gani tausayin injin nake ji. Da ya sauke giya ɗaya, juyin inji zai ƙaru, turbo ya cuso iska mai yawa, zafin ya sauko nan take. Sai dai hayaki abu ne na ido. Matatar iska da ta toshe da ƙurar hunturu, ko tiyon turbo da ya tsage, suna iya ɗaga zafin tun ido bai ga abin tsoro ba, kuma sababbin motoci suna da matatar da ke kama baƙin kafin ya fito. Sunan zai sa direba ya jira abin da ba lallai ya gani ba.

Ni dai kalmar da na fi so tana nan a bakinmu tun kafin zuwan mota: huci. Muna cewa hucin wuta, hucin rana, hucin maciji, hucin mai zazzaɓi. Iska ce mai zafi da ke fitowa daga cikin abu, ana jin ta ko ba a gan ta ba, kuma tana ƙaruwa idan abin ya wahala. "Hucin inji" ya faɗi duk abin da EGT ya faɗa, agogon kuma ya zama ma'aunin huci. Bakanike zai iya ce wa yaronsa, "Kai, duba min huci," ba wanda zai nufi lagireto.

Kalmar huci tana da 'yar uwa a kunne kuma, wato huce. Turbo, wanda Alfred Büchi ɗan Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, sunansa daga Latin yake, inda kalmar ke nufin guguwa ko katantanwar yara. Hucin nan ne ke juya shi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a kan siririn shimfiɗar baƙin mai. Idan aka gama hawa aka kashe makulli nan take, mai ya daina gudana, wanda ya rage a ciki ya soye ya zama gawayi. Shi ya sa masu ja ke barin inji a silo na minti biyu ko uku, har allura ta sauko ƙasa da 200 a Selshiyos, su bar mota ta huce kafin su zare makulli.